Tambaya: Ciwon Sukari Nau'i na 1 da Ciwon Dasashi, Wanne Za a Fara Magancewa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da duk wanda ya taɓa fuskantar irin wannan matsala. Ɗiyata mai shekara 16 tana da ciwon sukari nau'i na 1, wato wanda garkuwar jiki da kanta ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), don haka da allura take rayuwa. Tun bayan sallah dasashinta ya kumbura ya yi jawur, ko asuwaki ta goga a hankali sai ka ga jini a bakinsa, ga kuma warin baki da ya sa ta rage magana cikin ƙawayenta.

Na fahimci cewa cututtukan biyu suna ingiza juna: yawan sukari a jini yana raunana yaƙi da ƙwayoyin cuta, yana busar da baki, yana jinkirta warkewar rauni, shi kuma kumburin dasashi yana rage tasirin insulin. A nan ne muka maƙale. Likitan haƙori ya ce ba zai yi mata wankin da ke shiga ƙarƙashin dasashi ba sai gwajinta na HbA1c (gwajin jini da ke nuna matsakaicin sukari na watanni biyu zuwa uku da suka wuce) ya sauko daga 9 zuwa kusa da 7, likitan sukari kuwa ya ce da wuya ya sauko muddin kumburin yana nan. A ganina kowannensu yana da hujja, amma yarinyar ce ke shan wuya a tsakani.

Shin akwai matakin sukarin da za a iya yin wankin ba tare da haɗari ba? Kuma a ranar aikin, yaya za a daidaita allura da abinci don kada sukarinta ya faɗi idan ta kasa tauna?