An yi min tayin fuskar dodon Sulka, in saya ko in bari?

Ɗan Agadas: Salamu alaikum. Shekara tara ina sayar da kayan tarihin Afirka a Brussels, ban taɓa taɓa na tsibiran Fasifik ba. Wani tsoho na kwashe gidan mahaifinsa, ya nuna min fuskar dodo ta ƙabilar Sulka, mutanen gabashin tsibirin New Britain a Papua New Guinea. Mai tsini ce, wadda suke kira susu. Launin ja ya koɗe, takardar shaidar asalinta kuma babu. Yuro 4,000 yake so. Wa ya taɓa riƙe irinta?

Baba Dillali: Koɗewar ba aibi ba ce. Da totuwar tsiro ake saƙa ta a kan firam na kara, a yi rawa da ita ranar bikin shigar yara sahun manya ko na aure, a ƙone ta bayan an gama. Shi ya sa tsofaffin suka yi ƙaranci, masu tarawa ke rububinsu. Da yawa suna gidajen tarihin Jamus, don Jamusawa ne suka mulki tsibirin daga 1884 zuwa 1914.

Mai Kwali: Ɗan'uwa, gudu ka tsira! Ni babbar na saya, hemlaut, mai laima a ka, faɗinta ya fi ƙofar shagona. Kuɗin auren ƙanwata na zuba. Kamfanin jigila ya kwantar da ita a gefe, ya ɗora akwatin littattafai a kai. Da na buɗe, wallahi kamar an tattake zana. Inshora suka ce ban rubuta cewa mai karyewa ce ba. Wata takwas ina zarya. Har yau in mun haɗu da mijinta sai in sauya hanya.

Hajiyar Faris: Allah ya mayar da alheri. Amma 4,000 ai araha ce, na ga an sa wa wata 30,000 a Parcours des Mondes, baje kolin kayan tarihin da ake yi a Faris kowane Satumba.

Mai Kwali: Sa kuɗi daban, sayarwa daban, Hajiya. Ɓaraguzan tawa 300 aka taya.

Na Zongo: Ka jiƙa ta ka ba akuya, ko ba komai a samu madara.

Baba Dillali: Yaro, manya na magana. Hajiya kuma zane da duwatsun wuya kike sayarwa, ina ke ina Sulka?

Hajiyar Faris: Baba, kai ma a bayan gilashi ka gan ta a Berlin. Ni aƙalla kowane Satumba ina wurin baje kolin.

Ɗan Agadas: Don Allah batun takardar fa? Na ji Papua New Guinea na da doka tun 1965, ba a fitar da tsohon kaya sai da izinin gidan tarihinsu na Port Moresby.

Hajiyar Faris: Takardar nan ita ce ciwona. In Bature ya ce na kakansa ne, magana ta ƙare. In ni na kawo, sai a fara tambaya wa na sace wa.

Mai Kwali: Kuma su saye a hannunmu da arha, bayan wata shida ka ga kayan a kundin gwanjo da sunan wani Kanar.

Na Zongo: Nawa kakan ma soja ne, ya je Bama. Wa zai buga min hatimi?

Ɗan Agadas: Tsohon dai ya ba ni zuwa Juma'a.