Tumatir ɗina ya yi tsawo ya ƙi 'ya'ya a ƙarƙashin mangwaro, ina neman shawara

Mai Garka, Miriya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin damuwa, kuma ina roƙon masu sani su taimaka mini. Muna da garka a Miriya wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana, kuma da aka zo rabon gado yayanmu ya ce kada a raba ta, a bar ta hannun wanda zai iya aikinta, a riƙa raba abin da aka samu. Shi yana kasuwanci a cikin Damagaram, ƙanenmu yana Agadez, mata kuwa suna gidajen aurensu, saboda haka nauyin ya faɗo kaina, kuma duk shekarar da aka yi asara ni ake kallo. A cikin garkar akwai itatuwan mangwaro huɗu da marigayin ya dasa da hannunsa, yanzu sun girma har rassansu sun haɗe. Bana na dasa tumatir a tsakaninsu domin nan ne kusa da rijiya. Shukar ta tashi doguwa siririya, furen kaɗan ne, wanda ya fito ma zubewa yake yi. Na sa takin ire, na ƙara, ina ban ruwa safe da yamma, amma sai tsawo take ƙarawa. Ɗana da ke lise ya ce rana ce ba ta isa ba, ni kuwa na taso ina jin cewa taki ne abincin shuka. Wane taki zan sa kafin zafi ya shigo? Don Allah kada a ce mini in sare mangwaro.

Tsohon Mushe, Birni: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na koyar da kimiyyar halittu har na yi ritaya, kuma ina gaya maka babu takin da za ka saya a kasuwar Dole da zai maye gurbin hasken rana. Shuka da kanta take haɗa abincinta a cikin ganye, aikin da ake kira fotosantez. A cikin ƙwayoyin ganye akwai sinadarin kulorofil, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore. Shi ne ke kama hasken rana, da ƙarfin hasken kuma ake fasa ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa, iskar oksijin ta fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, ƙarfin da aka samu kuwa a riƙe shi na ɗan lokaci. A mataki na biyu sai ganyen ya shaƙi iskar kabon ta waɗannan ƙofofi, ya yi amfani da ƙarfin nan ya mayar da ita sukari. Da sukarin nan ake gina kara da saiwa da fure da ɗan tumatir ɗin da kake jira. Sinadarin azot da ke cikin ire yana shiga ginin ganye da na kulorofil, amma ba ya zama sukari. Idan haske ya yi ƙaranci shuka takan miƙe tana neman rana, shi ya sa ka ga tsawo babu ƙwari, kuma ƙarin ire a wannan hali ganye yake ƙarawa. Tumatir yana son rana kai tsaye ta awa 6 zuwa 8 a yini. Awa nawa naka yake samu?

Hajiya, Zango: Mai Garka, kada ka yi gaggawar taɓa itace. Mu ma haka aka yi mana: ƙanen maigidana ya zo ba tare da shawara da kowa ba ya sa aka sassare rassan mangwaron garkarmu, da zafi ya shigo tumatir ɗin ya ƙone, mangwaron kuma bai ba mu abin kirki ba a shekarar, har yau maganar ba ta mutu a gidanmu ba. Ba ka faɗa mana watan da ka yi dashe ba. Idan ka makara, zubewar fure daga zafi take.

Ɗan Matameye: Ni ban yarda da maganar inuwa ba. A wajenmu geron da ke gindin gawo ya fi na tsakiyar fili kyau, kowa ya san haka. Ka bar ire ka sa takin zamani da ake kira 15-15-15. Ko da yake da tsadar buhu a bana, ni kaina rabin gonata kawai na iya sa wa, kuma wanda na saya a hannun wani ɗan kasuwa ina zargin an gauraya shi.

Tsohon Mushe, Birni: Ɗan Matameye, misalinka ma gaskata ni yake yi. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya sake fitar da shi da rani, saboda haka lokacin da gero ke tsaye rana tana isa gare shi, ga ganyen da ya zube da kashin dabbobin da suka kwanta a gindinsa sun gyara ƙasa. Mangwaro kuwa da ganyensa yake duk shekara. Game da taki, tun a ƙarni na 17 wani masani mai suna Van Helmont ya dasa itace a tukunya bayan ya auna ƙasar, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai, itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa raguwarta ba ta kai giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya gina itacen, daga baya aka gano rabon iska, a 1779 kuma wani masanin mai suna Ingenhousz ya nuna cewa ganye ba ya fitar da oksijin sai cikin haske. Mai Garka, ka rage rassan da suka haɗe, babu wata hanya.

Mai Garka, Miriya: Malam, na gode da bayani, amma ban dasa a can don jahilci ba. Injin ban ruwana ƙarami ne, tiyona bai kai ɗaya gefen ba, man fetur kuma ba kyauta ba ne. Baba ma yana shuka a ƙarƙashin itatuwan nan yana samu. Idan na taɓa reshe ɗaya yayana zai ce na ɓata gado, kuma kuɗin mangwaron ne ake raba wa mata.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou: Baba Mushe, da izininka, ina ganin Hajiya ma tana da gaskiya a nata ɓangaren. Idan zafi ya tsananta ganye yakan rufe ƙofofinsa domin kada ruwa ya ƙare masa, da sun rufe kuwa iskar kabon ba ta shiga, sai haɗa sukari ya ragu ko da rana ta take. Gero da dawa da masara da rake suna da wata hanya ta tara iskar kabon a cikin ganye, wadda ake kira C4, shi ya sa suke jure zafinmu. Tumatir da wake da shinkafa ba su da ita. Zafin da ya haura digiri 35 kuma yana lalata garin furen tumatir, furen ya zube. Baba Mai Garka, lokacin da marigayi yake shuka a nan itatuwan ba su kai haka ba. Ka tsaya yini guda ka ƙirga awannin da rana ke sauka kan shukar, sannan a kaka mai zuwa ka ba inuwar salati da na'ana'a, ka kai tumatir fili.

Tsohon Mushe, Birni: 'Yata, karatunki daidai ne, amma idan shuka ta yi tsawo siririya, galibi inuwa ce ke yin haka. Ina nan kan maganata, a rage rassa, rage reshe kuma ba sare itace ba ne.

Hajiya, Zango: Malam, haka ƙanen maigidana ya ce, wai ragewa zai yi.

Mai Garka, Miriya: 'Yata, salati ba ya kawo kuɗin tumatir, kuma maganar kaka mai zuwa ba ta fitar da ni bana, domin na riga na ci bashin iri da mai. Rana tana shiga wurin da hantsi, ban taɓa ƙirga awanninta ba, amma tana shiga. Ɗan Matameye, shi 15-15-15 ɗin nawa ake zuba wa kowane gindi, kuma idan na sa a makon nan zai kama fure kafin zafin Afrilu?