Na ƙware a CSS, ina zan dosa?

Sagir_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. HTML da CSS, yarukan tsara shafin intanet da ƙawata shi, sun zauna min, Flexbox da Grid ba sa ba ni wahala, shafi kuma yana daidaita a waya da kwamfuta. Yanzu wasu na cewa in faɗa React, kayan aikin gina fuskar shafi, wasu na cewa WordPress, manhajar haɗa shafi da jigogin da aka riga aka tsara, ita ce ke kawo kuɗi. Wanne zan fara?

Malam_Habibu:
Wa alaikumus salam. Ka ajiye React tukuna. Da JavaScript, yaren da ke sa shafi motsi, aka gina shi, wanda bai iya tushen ba kuwa kwafe zai riƙa yi, in abu ya lalace ya rasa inda zai taɓa. JavaScript tsantsa za ka fara, kuma na zamani, wato daga sigar 2015 zuwa yau. Duk darasin da ka ga cike yake da var da jQuery daga farko har ƙarshe, tsoho ne.

Fara da let da const, jeri (array), da yadda ake rubuta aiki (function) a kira shi. Daga nan ka koyi kamo abu a shafi da querySelector, ka saurari dannawa da addEventListener, ka sauya aji (class na CSS) da classList.toggle. A nan CSS ɗinka zai yi maka rana, domin yawancin motsin da kake gani a shafuka sauya aji ne kawai. Sai fetch da async/await don ɗauko bayanai daga wata uwar garke.

Ga inda sabon shiga ke tuntuɓe. Duk abin da aka rubuta a akwatin fom rubutu ne, ba lamba ba, shi ya sa "5" + 1 ke ba da "51". Sai ka juya shi da Number(). In ka sa script a cikin head, wato saman shafi, ba tare da defer ba, zai gudana kafin a gina sauran shafin, querySelector ya dawo maka da null. Kuma kada ka zuba abin da baƙo ya rubuta cikin innerHTML, ƙofa ce ta cusa mugun kod. A maimakonsa textContent ake amfani da shi.

Hauwa_Dev:
Na yarda da Malam, sai dai ni da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod, zan sa ka fara, don mako ɗaya ya isa ka kama abin da kake buƙata: init, add, commit, push, sai reshe (branch). Ka ɗora aikin a GitHub Pages ko Netlify, kyauta ne, har da HTTPS. In ka sayi sunan shafi (domain), ka fahimci bambancin rikodin A, mai nuni ga lambar IP, da CNAME, mai nuni ga wani suna. Kalmar sirri ko mabuɗin sirri na Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, kada su taɓa shiga commit. Ko ka goge daga baya suna nan a tarihi, sai dai ka canza mabuɗin.

Na biyu, nauyin shafi. Masu buɗe shafinka yawanci da waya suke, da datar da suke lissafinta. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 ko 4; ka rage faɗinsa zuwa kamar fiksel 1200, ka mai da shi WebP, nau'in hoto marar nauyi, ka sa loading="lazy" a waɗanda ke ƙasa. Ka rubuta width da height a kowane hoto, in ba haka ba rubutu zai yi ta tsalle yayin lodi. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Buɗe DevTools na Chrome, ka rage gudun intanet zuwa 3G, ka gani da idonka.

Ɗan_Maraɗi:
Abin da darussan Turawa ba za su gaya maka ba: haruffanmu. Ka sa meta charset="utf-8" da lang="ha". Sannan ka gwada kowane salon rubutu da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu kafin ka zaɓa. Da yawa ba su da su, sai burawza ta aro daga wani salon, harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a biki. Noto Sans yana da su duka. Ajami kuwa dir="rtl" yake so.

Ka kula da masu raunin gani ma. Bambancin launin rubutu da na bango ya kai 4.5 zuwa 1, kowane hoto mai ma'ana da alt, wato bayaninsa a rubuce, maɓalli kuma ya zama button na gaske, ba div da aka yi wa kwalliya ba, don madannin Tab ba ya tsayawa a kan div.

Sagir_Zariya:
Na gode ƙwarai. To WordPress fa, Malam?

Malam_Habibu:
In aikin makarantu da shaguna kake nema, zai biya ka da wuri, amma ka haɗa da PHP kaɗan, yaren da aka gina shi da shi. Gyaranka ka yi shi a jigon da ya gaji na asali (child theme), don in ka taɓa na asalin kai tsaye, ranar da aka sabunta shi komai zai goge. React kuwa sai ka gina abu uku da hannunka ba tare da kallon bidiyo ba: jerin zaɓi mai buɗewa a waya, fom mai tantance lambar waya mai lambobi 11, da shafi mai ɗauko bayanai da fetch ya kuma nuna saƙo in intanet ta yanke.