Shin Finafinan Soyayya Suna Barin Namiji da Mace Su Tsaya a Abota?

Malam: Da'awata ita ce, a finafinan soyayya masu ban dariya babu abota zalla tsakanin namiji da mace. Da zarar an nuna mana su biyu suna hira, suna gaya wa juna sirrinsu, to, an kama hanyar aure ke nan. Ku dubi When Harry Met Sally na 1989, wanda Nora Ephron ta rubuta, Rob Reiner ya ba da umarni. Tun a cikin mota, a hanyarsu daga Shikago zuwa Niyok, Harry ya ce abota ba ta yiwuwa domin sha'awa takan shiga tsakani. Sally ta musa, amma bayan shekara 12 fim ɗin ya ba shi gaskiya.

Hajiya: Malam, ka yi mini haƙuri, ban yarda an ba shi gaskiya ba. Reiner da bakinsa ya bayyana cewa a tsarin farko Harry da Sally rabuwa za su yi, sai da ya haɗu da Michele Singer, wadda ya aura daga baya, sannan ya sauya ƙarshen labarin. Abin da ya zauna mini a rai shi ne wurin da kowannensu yake kwance a gadonsa, a gidansa, suna kallon fim guda a talabijin suna hira ta waya cikin dare. Wannan abota ce ta haƙiƙa, kuma auren da ya biyo baya bai soke ta ba.

Ƙane: Hajiya, ina bayan Malam, kuma abin yana damuna ƙwarai. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998, Rahul ya faɗa a cikin aji cewa soyayya ita ce abota, alhali Anjali, babbar abokiyarsa, tana zaune tana saurare. Duk lokacin da take da gajeren gashi tana cin sa a ƙwallon kwando, bai gan ta a matsayin mace ba, sai bayan shekaru da ta ɗaura sari. Ma'ana, an mai da abotar wurin jira kawai, kuma wadda ta sha wahalar jiran ita ce macen.

Malama: To, ina za ku kai My Best Friend's Wedding na 1997? Julianne ta yi duk makircin da za ta iya don ta hana auren babban abokinta Michael, ba ta yi nasara ba, fim ya ƙare tana rawa da abokinta George.

Malam: Malama, ai wannan hujjata ce. An nuna mana tun farko cewa George ba ya sha'awar mata, wato sai da marubucin ya toshe ƙofar sha'awa sannan ya amince da abotar. Shi kuwa Michael, da aka ce aboki ne, son sa take yi.

Hajiya: A nan ne nake ganin ka takaita ma'anar abota, Malam, domin kana so sai zuciya ba ta taɓa motsawa ba kafin ka kira abu abota. A Four Weddings and a Funeral na 1994, Fiona ta gaya wa Charles cewa shi take so tun da daɗewa. Bai yaudare ta ba, bai kuma guje ta ba, ita ma ba ta janye daga cikin abokansu ba, har tana wurin a ranar da ya je ɗaura aure da wata. Sha'awar ta shiga tsakani kamar yadda Harry ya faɗa, ta fito fili, amma abotar ba ta mutu ba. Ka gaya mini sunan da za ka ba abin da ya rage tsakanin Fiona da Charles.