Kai yara Mize da dare: a Yamai zai yiwu kuwa?

Maman Tagwaye, Talaje

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na ɗan yi shimfiɗa.

Ƙanwata da ke aure a Faransa ta turo mana bidiyo ta WhatsApp. Ita da mijinta da ƴaƴansu cikin gidan tarihi wajen ƙarfe 10 na dare, an rage fitilu, kowane yaro riƙe da tocila yana haska tsofaffin tukwane cikin akwatin gilashi. Ta ce dare guda ne a shekara, wata Asabar cikin watan Mayu, gidajen tarihi a buɗe har wajen sha biyun dare, ba a biyan ko dala. Tun da tagwayena suka ga bidiyon nan ban sake hutawa ba. Shekarunsu 8, ga yayarsu mai 12, ga auta mai 3 da ke maimaita duk abin da ya ji sun faɗa. Safe da marece magana guda: "Mama, yaushe za a kai mu Mize da dare?"

Ni dai da rana na san ana shiga Mizenmu, wato gidan tarihi na ƙasa da ke nan Yamai, mai haɗe da gidan dabbobi, kuma ranar ce ba ni da ita. Ɗinki nake yi, Asabar masu biki na tsaye a kaina. Babansu direban babbar mota ne, ganinsa sai an yi sa'a. Lahadi kaɗai ta rage mini, ita ma da wanki take farawa, kafin a yi wa yara huɗu wanka a samu taksin da zai kwashe mu rana ta take. Zuwanmu na ƙarshe, muna shiga suka ruga wajen kura, daga nan zaki, daga nan dorina. Ruwan leda ya ƙare, auta ya fara kuka, takalmin roba na ƙona ƙafa. Muka fito ba mu leƙa ɗaki ko guda ba. Har yau in ka tambayi tagwaye mene ne Mize, sai su ce maka gidan kura.

To ga tambayoyina. Waɗanda suka taɓa kai yara irin wannan daren, abin na da daɗi da ƙananan yara, ko a bidiyo kaɗai yake da kyau? Ku kuma na nan Yamai, yaya kuke yi yaranku su ga abin da ya wuce dabbobi? A ganina ma mu wannan tsarin ya fi dacewa da mu, ba Turawa ba. Lokacin zafi wa ke kwana da wuri a Yamai? Bayan isha'i kowa na waje bisa tabarma, samari na fada suna dafa shayi har tsakar dare, yara na guje-guje a layi.

Baban Nana, Liyon

Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗan Yamai ne ni, aiki ya kawo ni nan, kuma na kai nawa yaran.

Ma'aikatar al'adu ta Faransa ce ta fara abin a 2005, ana yin sa Asabar ɗin da ta fi kusa da 18 ga Mayu, wadda ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya. Kafin su Jamusawa sun fara nasu a Balin tun 1997, sai dai can tikiti ake saye. Abin da bidiyo ba zai nuna miki ba shi ne a watan Mayu rana ba ta faɗuwa a nan sai bayan ƙarfe 9. Ƙarfe 10 ɗin da kika gani, ba a daɗe da yin magariba ba. Kuma yara a nan ƙarfe 8 ake kwantar da su, don haka rabin murnar tasu ta hana barci ce, ba ta tukwane ba.

Sai layi. Abin kyauta ai kin sani. Shekarar farko babban gidan tarihi na nufa, muka tsaya waje har ƙaramar ta yi barci a kafaɗata, haka na zagaya da ita ɗaki bayan ɗaki ba ta ga komai ba. Daga baya na koma zuwa ƙananan gidaje, guda ɗaya tak, a ci tuwo a gida tukuna, a isa da wuri. Wani abin kuma, a gidajen tarihi na gwamnatin ƙasa yaron da bai kai 18 ba dama ba ya biya ko da rana. Kyautar ta iyaye ce.

Abin da ya fi burge ni, akwai makarantun da ke zaɓar abu guda cikin gidan tarihi, ƴan aji su yi ta nazarinsa, ranar daren su ne ke tsayawa su yi wa baƙi bayani. Na ga yarinya tsarar babbar ƴarki tana yi wa dattawa bayani, muryarta na rawa, uwarta na gefe tana ɗauka da waya. Amma ɗan shekara 3, gaskiya ki bar shi wajen kaka.

Mushe mai ritaya, Yantala

Ɗiyata, Allah ya raya mana su. Na koyar a firamare har na yi ritaya, na sha kai ƴan lakwal Mize, hamsin ko fiye a tafiya guda. Ba dare yaranki suka rasa ba, labari suka rasa. Yaro ba zai bar kura mai motsi ya tsaya gaban busasshen ice ba, sai in an riga an gaya masa ko icen mene ne.

Dokata ita ce dabbobi a ƙarshe. Tun a gida ake yin wannan yarjejeniya: abu biyu ko uku za mu gani, sannan kura. In kika bari suka fara da kura, kin gama.

Daren jajibirin tafiya ki ba su labarin icen Tenere. Icen ƙaya ne guda ɗaya tilo tsakiyar rairayi, bisa hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba ka ga wani ba. Masu raƙuma na yada zango kusa da shi, amma ba mai karya reshensa ya hura wutar shayi, ba mai barin raƙuminsa ya ci ganyensa. Da aka haƙa rijiya gefensa, aka tarar saiwarsa ta gangara fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya faɗi. Duk faɗin Tenere, ice guda, shi ya samu ya buga! Aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo Yamai, aka gina masa rumfa cikin Mize, can kuma aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Tunda babansu direba ne, ki ga yadda za su riƙe wannan labari, har su jira shi da tambayoyi. Yaran da na ba labarin kafin mu je, da kansu suke neman icen, wasu har su yi jayayya a kan ta wane gefe motar ta fito.

Na biyu, ƙasusuwa. Kada ki fara da dogayen sunayen Turawa. Ki kai su su kalli kadojin da ke raye, ko ki tuna musu da su, sannan ki tsayar da su gaban ƙasusuwan kadan nan na zamanin da, wanda aka samo a Gadufawa. Tsawonsa ya haura mita 9, kansa kaɗai ya fi tagwayenki tsawo, ya rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce. Ki ce musu a cikin hamadar Agadas aka tono shi, inda yau ko ɗigon ruwa babu. Su da kansu za su tambaye ki: to kada me yake yi cikin rairayi? Daga nan sai maganar koguna da dazuzzukan da suka taɓa kasancewa wurin. Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, shi ya yi aikin tono a Gadufawa tun wajen 1965, kuma akwai dinozor ɗin da ya samo can da aka sa wa sunan ƙasarmu, Ouranosaurus nigeriensis. Ni na kan sa yara su kwanta a jere su auna tsawon kadan da jikinsu, in masu gadi sun yarda.

Babbar kuma ta isa ta san mai sunan gidan, wato Bubu Hama. An buɗe Mize a 1959, kafin samun ƴancin kai da shekara guda. Bubu Hama malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban majalisar dokoki, ya riƙe ta har juyin mulkin 1974, ya rasu a 1982. Ba na ɓoye muku, ina jin daɗin cewa ɗan alli ne irina.

Ɗan Adar, Tawa

Ku mutanen Yamai kun ji daɗi, kuna da Mize bakin ƙofa kuna neman a ƙara muku da dare. Mu nan sai mun yi tafiyar sama da kilomita 500 kafin ɗiyanmu su ga dorina.

Hajiya, ban yarda da zancen dare ba. Na Turawa gini ne, ƙofa guda, a rufe. Namu fili ne na hekta 24 da itatuwa da lunguna, ga zakuna ciki. Ke kaɗai da yara huɗu cikin duhu da cunkoso, in wuta ta ɗauke fa? Ga sauron bakin kogi, ga neman taksin Talaje ƙarfe 11 na dare. Su ma dabbobin ai suna son hutu. Kuma yaron da ya ji kukan kura cikin duhu, ke ce ba za ki yi barci ba ranar.

In kun je dai ku biya wajen maƙeran azurfa, ku ce su nuna wa yara kuros ɗin Tawa, abin wuyan nan na azurfa. Na Agadas kowa ya sani, alhali mu ma muna da namu.

Maman Tagwaye, Talaje

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Ɗan Adar, ka yi gaskiya a kan filin, amma ba duka ba. Wa ya ce sai an buɗe hekta 24? A rufe ɓangaren dabbobi su huta, a buɗe ɗakuna biyu ko uku da rumfar ƙasusuwa daga bayan magariba zuwa ƙarfe 10, a kunna janareto. Biki nawa muke zuwa da yara da dare a garin nan, ba wanda ya ce kar a je don sauro? Masu sana'a irina da ƴan kasuwa da masu kabu-kabu, mu ne ba mu da rana. Kuɗin shiga ba su taɓa hana ni ba, taksi da ƙosai da bisap sun fi su cin aljihu. Lokaci ne babu.

Baba Mushe, kun ba ni kunya kun kuma ba ni dabara. Jiya na gwada labarin icen bayan isha'i. Hasan ya ce a kama direban, Husaini ya ce wataƙila barci ya kwashe shi, suka kira babansu yana hanyar Gaya don ya raba gardama. Sun yarda kura a ƙarshe, na sa sun rantse. Zan yi wankina daren Asabar, mu fita Lahadi da sassafe, auta ya zauna wajen kakarsa. Ni ma akwai abin da nake so in gani, ɗakin tufafin gargajiya. An sha gaya mini aikin allurar da ke jikin manyan rigunan nan, ina ɗinki shekara da shekaru ban taɓa tsayawa na dube su ba. Shin masu sana'ar hannu na nan ranar Lahadi? Babbar tana son ganin saƙa.

Mushe mai ritaya, Yantala

Ki tambaya a bakin ƙofa kina shiga, tun kafin ki tsara zagayenki, don ba kullum ake samun su duka ba. In kin tarar da masaƙa, ki gaishe su da kyau, ki bar yarinyar ta tsuguna gefe ta kalli yadda ƙafa ke taka zare hannu na jefa ƙoshiya. Wasunsu na barin yaro ya jefa sau ɗaya in an roƙa da ladabi. Ki riƙe ƴan canji, ko ƙaramin zobe ki saya wajen maƙera, da wannan suke ci. Ki taho da ruwa daga gida cikin gora mai ƙanƙara, da hula ga kowa. Rigunan kuma ki shiga ɗakinsu kafin ƙasusuwa, don in tagwaye suka ga kadan nan ba za ki ƙara samun kansu ba.