Neman kalma kafin la'asar: siffofin da ake yi da busasshiyar ciyawa a gona

Mai_Shirin_Noma: Assalamu alaikum. Malamai a agaza, bayan la'asar zan ɗauki shiri. Ina fassara rahoto a kan abin da Turawa ke kira hay sculpture, wato manyan siffofin dabbobi da ake haɗawa da busasshiyar ciyawa bayan girbi. Babban misalin na Niigata ne a Japan, inda tun 2008 ɗaliban jami'ar fasaha ta Musashino ke haɗuwa da mutanen yankin su tayar da goggon biri ko zaki wanda ya ninka tsawon mutum. Na sa "gunkin ciyawa", amma bai kwanta mini ba.

Malam_Na_Kanwuri: Wa alaikumus salam. Cire gunki tun da wuri. Gunki abin bauta ne. Ka faɗi haka a rediyo cikin Sakkwato, kafin magariba an fara kiran waya. Mutum-mutumi ka sa.

Uwar_Ɗalibai: Allah gafarta Malam, biri fa aka ce. Mutum-mutumin biri?

Malam_Na_Kanwuri: Ai kalmar ta daɗe da wuce mutum, Malama. Ana cewa mutum-mutumin doki, ba wanda ya taɓa yin gardama.

Ɗan_Fadamar_Wurno: Ku dakata. Ciyawar ma wace iri? Abin da mutanen Japan ɗin ga ka aiki da shi ba ciyawa na ba, bambaron shinkafa na, wanda muka bari tuli cikin hwadama in an gama bugu. Ingirici daban, shi na ciyawar da anka yanke ɗanya anka shanya don dabba. Harawa kuma ta wake ko ta gujjiya, ita aka kaiwa kasuwar Kara a sai ma masu turkar rago. Kac ce harawa, manomi dariya za shi yi ma. Wa ka ɓata harawa wajen gina biri?

Mai_Shirin_Noma: Baba na gode, wannan ta shige ni. Rahoton ya haɗa duka ne. Har da bunsurun garin Gävle na Suwidin, mai tsawon kusan mita 13, da ake kafawa duk ƙarshen shekara tun 1966, kuma sau da yawa a banka masa wuta.

Sarkin_Ƙirƙira: Duk kun tsaya kame-kame. Kalma guda ake so. Sura a haɗa da bambaro: surambaro. Jam'i surambarori. Mai yi ɗan surambaro. Gajeriya, mai daɗin faɗi.

Uwar_Ɗalibai: Yallaɓai, wannan ai kamar sunan ɗan damben da ya zo daga ƙauye.

Sarkin_Ƙirƙira: Haka aka yi wa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" dariya. Matsalarmu ke nan, sai Bature ya ƙirƙiro mu ce madalla. In namu ya yi, a ce wane ne shi.

Uwar_Ɗalibai: Kuma ga shi yau kowa kwamfuta yake cewa.

Bakano_a_Birni: A daidaitacciyar Hausa dai "sassaƙar ciyawa" ya fi. Bambaro ɗin nan ban jin mai sauraro a birni zai gane.

Ɗan_Fadamar_Wurno: Wane birni? Ɗana, shirin ga manoman Rima aka yi ma shi. Kullum ku ce daidaitatta, ku nufi Kananci. Kuma mi anka sassaƙe? Gizago ka gani? Turmi aka sassaƙa, ba ciyawa ba.

Bakano_a_Birni: Ni ban kawo maganar Kano ba, Baba. Amma littattafan makaranta ai ba da "munka" da "sunka" aka buga su ba.

Malam_Na_Kanwuri: An yi waƙoƙin wa'azi da ajami a ƙasar nan da "munka" ɗin tun ba a san boko ba. A bar wannan. Yaro na jira.

Uwar_Ɗalibai: Na kalli hoton yadda suke yi. Firam ake fara haɗawa da katako, sai a jera bambaron a ɗaure shi shimfiɗa-shimfiɗa da igiya, a riƙa lulluɓa wa firam ɗin daga ƙasa zuwa sama, na sama ya rufe bakin na ƙasa. Wannan ba yanta da baibaya ba ne? Yadda ake yanta shuci a baibaye ɗaki, sak. In bayani za ka yi, ka ce ana yanta bambaro a baibaye siffar. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya gama ganewa.

Ɗan_Fadamar_Wurno: Tabbas. Malama ta hwaɗi gaskiya.

Sarkin_Ƙirƙira: To baibayambaro.

Malam_Na_Kanwuri: Subhanallah.

Mai_Shirin_Noma: Ga abin da na tsayar: "mutum-mutumin bambaro" ga na Japan, "mutum-mutumin ingirici" inda da ciyawar dabba aka yi. Yanta da baibaya za su shiga wurin bayani. Sunan fasahar gaba ɗaya ban samu ba, zan kewaye shi. Allah ya saka.

Bakano_a_Birni: Ya yi tsawo, amma ba laifi. Ka ƙara "wato karan shinkafa" a karon farko don irinmu.

Sarkin_Ƙirƙira: Gaɓa takwas a inda huɗu ta isa. Ni dai surambaro zan ci gaba da rubutawa a shafina.