Musayar Waƙa a kan Asalin Tsoka da Zuciyar Ɗan Tayi

Malam Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Maudu'inmu na wannan mako shi ne aikin Margaret Buckingham, masaniyar da aka haifa a Birtaniya a 1945, ta yi karatu a Oxford, sannan ta koma Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris a 1971, inda ta shafe shekarun aikinta tana binciken yadda tsoka da zuciya suke samuwa a jikin ɗan tayi. Kowa ya amsa da baiti, kuma mai suka ya zo da hujjarsa.

Da sunan Allah Mai halitta nake farawa,
Wanda ya tsara jiki tun yana ɗigon ruwa.
Tambaya ɗaya baiwar Allah nan ta riƙe ba sassautawa:
Ƙwayar da ba ta da suna a farkon tsirowa,
Wa ke gaya mata tsoka za ta zama, ba ƙashi ko ƙwaƙwalwa,
Wa kuma ke nuna mata inda za ta je ta yi tsayuwa?
Wajen kwana 20 da ɗaukar ciki, in ji masu ƙirgawa,
Ƙullutai kan fito dama da hagu na baya, suna jeruwa,
Bibbiyu-bibbiyu, kamar ƴaƴan carbi da ake shiryawa.
Somit ake kiran su, kuma daga gare su naman baya da na ƙafa ke fitowa.

Ɗalibin Likita, Yamai

Malam, ranka ya daɗe, ka share mana hanya,
Amma a ba kowa haƙƙinsa, haka ne tsarin gaskiya.
A 1987, a Siyatil ta Amurka, can wata nahiya,
Weintraub da abokan aikinsa ne suka fara amsa tambaya.
Ƙwayar gado guda, MyoD, suka cusa a cikin wata ƙwaya,
Wadda asalinta ba tsoka ba ce, sai ga ta ta juya,
Ta zama tsoka a cikin farantin gwaji, labari ya karaɗe duniya.
To me ya rage wa Pasteur, in ba bin sawu daga baya?

Malama Mai Koyar da Kimiyya, Tawa

Ɗana, ka yi karatu mai kyau, sai dai ba ka kai ƙarshensa ba,
Domin abin da faranti ya nuna bai zama hukunci a kan jiki ba.
Ƙwaya a faranti ba ta san maƙwabci, ba ta san gabas da yamma ba,
Ta cikin ɗan tayi kuwa ba za ta motsa sai da saƙon na kusa da ita ba.
Shi ya sa aka koma ga ɓera, wanda cikinsa bai wuce kwana 21 ba,
Aka ɗaura wa ƙwayar gadon Myf5 alamar da ba za ta ɓuya ba,
Ta yadda duk inda ta farka, wurin ba zai rasa yin shuɗi ba.
A kwana na 8 ta tashi a cikin somit, lokacin MyoD ba ta farka ba,
Ka ga ashe wadda aka fara ganowa ba ita ce ke fara aiki ba.
A 1997 Buckingham da abokan aikinta suka samar da ɓeran da bai da ƙwayar gadon Pax3, bai kuma gaji Myf5 ba,
Sai gangar jikinsa ta tashi fayau, tsoka ba ta tsiro ba,
Amma naman kai da na fuska, wannan rashi bai taɓa shi ba.
Wannan ne ya nuna kai da gangar jiki ba umarni ɗaya suke bi ba,
Kuma da faranti kaɗai aka tsaya, da har yau ba a sani ba.

Baba Tsohon Akawu, Yamai

Ƴaƴana, na saurare ku, lalle kun iya bayani,
Amma ku yi wa tsoho uzuri, akwai abin da ke damu na ni.
Zazzaɓin cizon sauro na kwasar yara da damina, sanƙarau na jiran rani,
A ce mutum ya tsufa yana leƙen cikin ɓera, ina amfani?
Da kuɗin nan ai gara a sayi gidan sauro da magani.

Inna Ungozoma, Tawa

Baba, Allah ya ja kwana, kukanka na fahimta,
Gidan sauro wajibi ne, babu mai musun wannan bukata.
Amma ka zo ɗakin haihuwa ka ga abin da ke samun mata:
Akan haifi jariri ɓulɓul, ba tabo ko ɗaya a fata,
Ya kama nono kaɗan, sai ya saki don ya huta,
Gumi a goshi, leɓe ya yi shuɗi, numfashi da ƙyar yake fita.
Kaka ta ce iska ce ta buge shi, maƙwabciya ta ce maita,
Alhali zuciyar ce ta zo da tawaya tun daga gininta.
Kusan jariri 1 cikin 100 yakan zo da wani nau'i nata,
Wata ƴar ƙofa ce mai rufe kanta, wata sai an yi fiɗa a gyara ta.
Mu da muke karɓar su a hannu, sanin asalin abin ne muke bukata.

Ɗalibin Likita, Yamai

Inna, abin da idonki ya gani yana da tushe tun a tsirowa.
Wajen kwana 22 ne zuciyar ɗan Adam ke fara bugawa,
Tana miƙaƙƙen bututu, babu ɗaki, babu rabewa.
An daɗe ana zaton ɗakunan huɗu duk daga bututun nan suke fitowa,
Sai a 2001 Robert Kelly da Buckingham suka hango abin da ake tsallakewa:
Wasu ƙwayoyi a yankin maƙogwaro, masu alamar ƙwayar gadon Fgf10, suna kwararowa,
Suna shiga bututun ta bakinsa, yana ƙara tsawo yana lanƙwashewa.
Su ke gina ɗakin dama na ƙasa, da mafitar da jini ke bi wajen ficewa,
In suka yi ƙaranci, manyan jijiyoyi biyu masu fita daga zuciya kan kasa daidaituwa,
Jinin da bai je huhu ba ya shiga jiki, nan ne shuɗin leɓe ke samuwa.
Kuma don kada a ce ɓera kaɗai ne, ga abin ƙarawa:
A shekarar, ɗakunan bincike biyu a Amurka sun ga haka a ƙwan kaza kafin ƙyanƙyashewa.

Malama Mai Koyar da Kimiyya, Tawa

Ɗana, yanzu ka haɗa wannan da farkon magana,
Na ce kai bai bi umarnin gangar jiki ba, ga abin da bincike ya nuna.
A 2010 Buckingham da abokan aikinta suka bi zuriyar ƙwayoyi, kowace da inda ta zauna,
Sai ga naman muƙamuƙi, wanda da shi muke tauna,
Shi da ɗakin dama na ƙasan zuciya kakarsu ɗaya, dangi ne na juna.
Naman fuska mai murmushi kuwa, da mafitar jini a tsatso ɗaya suka kwana.
A ganina wannan ne ƙololuwar aikinta, ya fi duk wani yabo da suna,
Ko da yake a 2013 CNRS, hukumar binciken kimiyya ta Faransa, ta ba ta lambar zinariya, ta karrama ta a idon masana.

Baba Tsohon Akawu, Yamai

Na ji, kuma na yarda ilimi ne, ba tatsuniya ba,
Sai dai ɓeran Paris bai taɓa yi wa yaronmu fiɗa ba.
Inna, in irin jaririn nan ya zo hannunki, ba ki faɗi me ake yi ba.

Inna Ungozoma, Tawa

Baba, akwai ƴar na'ura mai auna iskar da jini ke ɗaukowa,
In jariri ya cika awa 24, a hannun dama da ƙafa ake maƙalawa.
In adadin ya yi ƙasa, sai a sake awo don tabbatarwa,
In bai tashi ba, takarda ake rubutawa ba tare da jinkirtawa,
A tura uwa da ɗa wurin likitan yara, a yi hoton zuciya don tantancewa,
In abin ya fi ƙarfin nan, Yamai ce ta gaba wajen turawa.